Yadda ake lissafin wayarin da gwada layi kafin a saki wuta, ga masu koyon aikin lantarki

Wannan bayanin na ku ne ƙannena masu bin oga wurin aiki, ku da kullum ake cewa ku fasa bango ku sa fayif ku ja waya amma ba a taɓa zaunar da ku an faɗa muku dalilin da ya sa aka ce a ja waya mai kaurin sukwaya milimita 2.5 a nan a ja mai 4 a can ba. Ni ma haka na taso, shekara biyu ina jan waya abinda na sani kawai shi ne 1.5 na fitila ne 2.5 na soket ne shikenan. Sai ranar da muka buɗe silin wani gida da muka yi wa wayarin da hannunmu muka tarar robar wayar hita ta narke ta manne da ta kusa da ita kamar alewa, alhali breka ko sau ɗaya bai faɗi ba, ranar na gane akwai lissafin da muke tsallakewa. To ku samo biro da takarda, kalkuletan wayarku ma ya isa.

Fara da rubuta lodi

Kafin ka taɓa guduma, zagaya gidan tare da mai shi ka tambaye shi me da me zai jona a kowane ɗaki. Kar ka yarda da "ai fitila ce kawai da fanka", matsa masa, Alhaji AC fa, hitar banɗaki fa, Hajiya za ta sa kuka ta lantarki a kicin ko gas ce, akwai bohol? Duk abinda ya faɗa ka rubuta wat ɗinsa, in kayan na nan duba farantin da ke bayansa ka kwafa.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a fes ɗaya, 400 tsakanin fes da fes. Lissafin farko shi ne wat a raba da bolt ya ba ka amfiya. Hitar ruwa mai wat 3000, ka raba da 230, ya ba ka 13A. Fitilu LED guda 12 masu wat 12 wat 144 kenan, ka haɗa da fanka huɗu masu wat 75 wato 300, jimla 444, ka raba da 230 bai ma kai 2A ba. Kaga dalilin da layin fitila ba ya ba da wahala, breka 6A da waya 1.5 sun ishe shi har da rara.

Kayan da ke da mota a ciki kamar AC da firiza da injin bohol su ba a yi musu wannan lissafin kai tsaye. Doki ɗaya da ake cewa 1HP wat 746 ne, amma wannan ƙarfin da motar ke bayarwa ne, abinda take ja daga layi ya fi haka, don haka karanta amfiyar da aka rubuta a jikinta kawai ka yi aiki da ita. Kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin wannan sau da yawa na ɗan lokaci, shi ya sa ake ba su breka mai harafin C. Mai B yana faɗuwa nan take in wuta ta ninka lambarsa sau 3 zuwa 5, mai C sai sau 5 zuwa 10. Akwai kuma abinda yara da yawa ba su lura da shi ba, in wuta ta zo lo, hita da ayan amfiyarsu raguwa take yi, amma AC da ke kan sitabilaiza tata ƙaruwa take yi, wat 1200 a bolt 230 kusan 5A ne, a bolt 160 kuwa 7.5A ne sitabilaizan zai ja ta cikin wayar nan taka.

Breka sannan waya

Ga ƙa'idar, ka haddace ta kamar sunanka: amfiyar lodi kar ta wuce lambar breka, lambar breka kuma kar ta wuce abinda waya ke iya ɗauka. Breka waya yake gadi, ba talabijin ba. Hitarmu mai 13A sai mu ba ta breka 16A, yanzu sai mu nemo wayar da za ta ɗauki 16A ko fiye a inda za ta kwanta.

Teburin da muke amfani da shi daga littafin ƙa'idar Birtaniya ne BS 7671, irin tsarin da wayarin ɗinmu ya gada, shi ya sa ma soket ɗinmu mai ƙafa uku 13A irin nasu ne. Wayar jan ƙarfe mai robar PVC guda biyu a cikin fayif a bango, 1.5 tana ɗaukar 17.5A, 2.5 tana ɗaukar 24A, 4 kuma 32A, 6 tana 41A, 10 tana 57A, 16 tana 76A. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai 2.5 ta ishi hita tunda 24 ya fi 16, kuma a nan ne mu muka yi kuskuren da na faɗa a sama.

Wannan lambobin an yi su ne a kan zafin digiri 30. Kai kuma kana Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ga silin ƙarƙashin kwano wanda in ka shiga da azahar minti biyar rigarka ta jiƙe sharkaf. Waya tana fitar da zafi ne ta watsa shi waje, in wajen ma zafi ne ina za ta kai shi? Don haka ake rage lambar. A digiri 35 ka ninka da 0.94, a 40 da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Na biyu, in layuka da yawa suka cushe a fayif ɗaya kowanne yana gasa ɗan'uwansa, layi biyu ka ninka da 0.80, uku da 0.70, huɗu da 0.65.

To mu gwada. 2.5 ita kaɗai a fayif ɗinta a digiri 40: 24 sau 0.87 ya ba da 20.9A, ta wuce 16, lafiya lau. Amma ka ce bari in yi tsimin fayif ka tura layin hita da na soket da na AC a guda ɗaya, sai ya zama 24 sau 0.87 sau 0.70, ya dawo 14.6A. Kaga yanzu wayar ta gaza brekan da ke gadinta, za ta iya cin zafi wata da watanni breka na kallonta bai ce komai ba. Mafita biyu ce, ko ka raba musu fayif, ko ka hau 4 wadda za ta ba ka 32 sau 0.87 sau 0.70 wato 19.5A. Ni dai na fi son raba fayif in bango bai riga ya sha filasta ba, fayif ya fi waya araha nesa ba kusa ba.

Kuma don Allah in breka yana yawan faɗuwa kar ka cire 20 ka sa 32 don mai gida ya daina kiranka a waya. Sa kilam-mita, mitar nan da ake maƙala wa waya ta nuna amfiya, ka ga nawa layin ke ja, in lodi ne ya yi yawa a raba layin.

Nisa ma yana cin wuta

Waya in ta yi tsawo bolt yana zubewa a hanya. Kowace waya tana da lambarta ta milibolt a kowace amfiya a kowace mita: 1.5 tana da 29, 2.5 tana da 18, 4 tana da 11, 6 tana da 7.3, 10 tana da 4.4, 16 tana da 2.8. Ka ninka wannan lambar da amfiya da tsawon layi a mita sannan ka raba da 1000. Tsawon zuwa kawai za ka sa, an riga an saka dawowar a cikin lambar. Iyakar da aka yarda ita ce kashi 3 cikin ɗari a layin fitila wato bolt 6.9, kashi 5 a sauran wato bolt 11.5.

Hitarmu tana nisan mita 18 daga DB, wato akwatin brekokin gida: 18 sau 13 sau 18 a raba da 1000, bolt 4.2, babu matsala. Amma ɗauki shagon da ke bakin get wanda mai gida ya ce a ja masa wuta daga cikin gida, mita 45, lodi 20A saboda firiza biyu da sauran tarkace. Da 2.5 za ka samu 18 sau 20 sau 45, bolt 16.2, ta faɗi. Da 4 bolt 9.9, ta tsallake da ƙyar. Da 6 bolt 6.6. A takarda 4 ta ci, amma ni a unguwar da na san taransifoma ta yi wa mutane kaɗan wuta na zuwa 190 da dare, 6 zan ce a saya, don wanda aka ba shi 190 ba shi da bolt goma na kyauta, kwamfiresan firiza ne zai biya bashin.

Gwada wayar kanta kafin ka biya kuɗi

Duk lissafin nan a banza yake in abinda aka rubuta a jikin nadin ƙarya ne, kuma kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 alhali cikinta bai kai ba, ko alminiyom ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe. Kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu kayansu. Hanya mafi tabbas kuma ita ce mita. Jan ƙarfe na gaske 2.5 yana da miliom 7.41 a kowace mita (om ma'aunin turjiyar waya ne, miliom 1000 ne om ɗaya), 1.5 yana da 12.1, 4 yana da 4.61. Kenan nadi mai mita 100 na 2.5 zai nuna maka wajen om 0.74 daga baki zuwa baki, in yadi 100 ne wato wajen mita 91 sai ka ga 0.68. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga nawa suke nunawa su kaɗai, sau da yawa 0.2 ko 0.3, ka cire shi daga sakamakon. In nadin 2.5 ya nuna maka 1.2 to 1.5 aka sayar maka da rigar 2.5. Mai shago zai ɓata rai ganin ka fito da mita, bar shi ya ɓata.

Kashe wuta yadda ya kamata

Yanzu an ja waya an ɗaura soket da makunni an haɗa DB, saura gwaji. Yawancin gwajin ana yin sa ne babu wuta, kuma "ai NEPA sun ɗauke" ba kashe wuta ba ne, za su iya kawowa hannunka na kan basba, ƙarfen nan da wayoyi ke haɗuwa a kansa cikin DB. Sauke babban makunni, zare fiyus ɗin katawut da ke bakin shigowar wuta ka sa a aljihunka, sa cenja-oba mai juya gida tsakanin NEPA da janareto a tsakiya, kashe inbata ka raba ta da layin gida don gidan sola ko an ɗauke wuta soket na nan da rai, sannan ka gaya wa maigadi kar ya kuskura ya tada janareto. In akwai kwado ka rufe akwatin.

Sai ka tabbatar. Gwada mitarka a wurin da ka san akwai wuta ka ga tana aiki, ka gwada layin da za ka taɓa, layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita, layif da at wato wayar da ke zuwa ƙasa, nutural da at, sannan ka koma ka sake gwada mitar a wurin farko. Tastan nan mai kama da sukurudireba kar ka ɗora ranka a kansa, a cikin rana ba ka ganin haskensa, wani lokacin kuma ya kama a wayar da babu komai don kawai ta kwanta kusa da mai wuta.

Kafin mita, ido. Bi kowane akwati ka ja kowace waya da ɗan yatsa ka ji ko sukurun ya kama, duba ko an danne roba maimakon ƙarfe, duba kala. Tsohuwar kala ja ne layif baƙi nutural kore at, sabuwa ruwan ƙasa ne layif shuɗi nutural, kore da rawaya at. A gidan da ake ƙari za ka tarar da duka biyun, to a fes uku na tsohon tsari shuɗi fes ne mai wuta, a sabo kuma baƙi fes ne, nan mutane ke ƙona kaya.

Gwajin at, daga DB har soket na ƙarshe

A DB ka ɗauki layif na layin da za ka gwada ka haɗa shi da basbar at da guntuwar waya. Ka je kowane soket ka auna om tsakanin ramin layif da ramin at. Layi mai mita 20 da aka ja 2.5 layif 2.5 at, lissafi ya ce 7.41 sau 2 sau 20, wajen om 0.30. In at ɗin 1.5 ce sai ya zama kusan 0.39. Lambar tana hawa kaɗan kaɗan kana nisa da DB, ta ƙarshe ita ce mafi girma, ita za ka rubuta. In wani soket ya yi tsalle ya nuna om 2 ko 3 akwai sukurun da bai ɗauru ba, in bai nuna komai ba at ta yanke ko ba a ma ja ta ba. A layin fitila ka yi haka a kan kowace holda kana kunna makunni kana kashewa, in karatun yana ɓacewa in ka kashe to makunnin a kan layif yake, daidai kenan, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In makunni yana yanke nutural fitila za ta mutu amma holda na da wuta, ranar da yaron gida ya hau kujera canza kwai sai dai Allah ya kiyaye. Da ka gama ka cire guntuwar wayar nan, kar ka manta da ita wallahi, na ga wanda ya manta.

In soket ɗin zobe aka yi musu, wato 2.5 ta fita daga breka 32A ta zagaya ta dawo, sai ka ware bakunan biyu ka auna kowace waya baki da baki. Zobe mai mita 60 zai ba ka wajen 0.44 a layif, nutural ma haka, bambancinsu kar ya wuce 0.05. Sannan ka haɗa su a gicciye, layif na tafiya da nutural na dawowa, nutural na tafiya da layif na dawowa, ka bi soket ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kamata ya nuna kusan abu ɗaya, jimlar biyun a raba da 4, wato 0.22. Zoben da ya yanke ba ya nuna alama, duk soket suna kawo wuta, amma fa 2.5 guda ɗaya ce ke ƙarƙashin breka 32A.

Megga

Wannan shi ne gwajin robar waya, ko ta ji ciwo wajen ja a bakin fayif ko ƙusar masu silin ta huda ta. Maltimita ba ta yin sa, batirinta bolt 9 ne, ƙaramin rauni ba zai nuna ba. Megga tana tura bolt 500 DC. Cire duk kwan fitila, zare duk abinda ke soket, ware sitabilaiza da inbata da regiletan fanka da na'urar kare tsawa in akwai, don bolt 500 zai kashe wasunsu wasu kuma su ba ka karatun ƙarya. Makunnan fitila a kunne, breka a sama, babban makunni a ƙasa. Auna layif da nutural, layif da at, nutural da at. Mafi ƙarancin da aka yarda megaom 1 ne, amma sabon aiki ɗaruruwa ya kamata ya nuna ko mitar ta ƙure, in sabon gida ya ba ka 2 ko 3 kar ka ce ai ya wuce, sauke breka ɗaya bayan ɗaya har ka kama layin. Ginin da filastarsa ba ta bushe ba ko fayif ya sha ruwan damina yana saukar da karatu. Kuma ka faɗa da ƙarfi kafin ka danna, kar wani yana riƙe da bakin waya a ɗaya ɗakin.

Sandar at da RCD

A nan ne na fi ganin ana yaudarar kai. A buga rodi a zuba gawayi da gishiri a ce an yi at. Gishirin yana saukar da karatu da farko amma yana cin sandar, kuma ƙasar da ta ba ka karatu mai kyau a Agusta ba ita ba ce a Maris. Ana auna sanda da mitar at mai ƙananan turaku biyu da ake kafawa a layi nesa da ita, bayan ka kwance wayar da ta haɗa ta da gida. A matsar da turken tsakiya gaba kaɗan baya kaɗan, in karatun bai canza sosai ba shi ne na gaskiya.

Yanzu yi wannan lissafin ka gani. A ce sandarka ta nuna om 20, kowa zai ce ta yi kyau. Layif ya taɓa jikin firiji, 230 a raba da 20, 11.5A ne kawai zai bi ƙasa. Breka 32A ko gezau ba zai yi ba, 20A ma haka, firijin zai zauna da wuta a jikinsa yana jiran mai ƙafa a jiƙe. Abinda ke ceton rai a nan RCD ne mai 30mA, wanda wasu ke kira ELCB, shi yana kwatanta abinda ya fita ta layif da abinda ya dawo ta nutural, da ya ga gibi sai ya yanke. Da shi ƙa'ida ta ce om na sanda sau 0.03 kar ya wuce bolt 50, amma duk da haka sandar da ta haura om 200 ba a yarda da ita don ba ta da tabbas, a ƙara wata ko a zurfafa.

Sakin wuta

Mayar da komai, rufe DB, duk breka a ƙasa. Sa fiyus, auna bolt a bakin shigowa, layif da nutural wajen 230, layif da at kusan haka, nutural da at ɗan kaɗan. In fes uku ne auna kowanne da nutural, in ka ga ɗaya 280 ɗaya 170 kar ka ɗaga komai, nutural ne ya saki a wani wuri kuma zai iya tura kusan 400 cikin kayan mutane. In komai daidai ɗaga babban makunni, sai RCD, sai breka ɗaya ɗaya kana saurare kana shinshinawa.

Danna maɓallin T na jikin RCD, dole ya faɗi. In oga na da mitar gwada shi, a 30mA ya yanke cikin milisakan 300. In yana faɗuwa da zarar an kunna wani abu alhali megga ta nuna lafiya, nemi inda aka ari nutural daga wani layin ko inda nutural ya taɓa at a cikin akwati, fitilar matakala da ta waje su ne suka fi wannan laifin. Juya cenja-oba ka maimaita gwajin a kan janareto, ka tabbatar yana yanke layif da nutural duka biyun. Daga nan kunna lodi na gaske, hita da AC da ayan, ka bar su rabin awa, ka sa kilam-mita a kowane layi ka kwatanta da lissafin da ka yi a takarda tun farko, ka kashe ka taɓa jikin brekoki ka ji ko akwai mai zafi.

Duk lambar da ka samu rubuta ta, layi na 1 fitilun falo, breka 6A, waya 1.5, at kaza, megga kaza, har na ƙarshe, da kwanan wata. Hukumar NEMSA ce doka ta ba duba wayarin da ba masu aikin lasisi a Najeriya, kai ɗan koyo oga mai lasisi ne zai duba ya sa hannu, ba kai ba tukuna. Kofi ɗaya ka liƙa a cikin murfin DB da salatif, ɗaya ka ɗauka a hoto ka ajiye a wayarka, don in bayan wata shida Alhaji ya kira ya ce wuta na jan mutane a banɗaki, za ka buɗe ka ga nawa layin ya nuna ranar da ka bar shi, ka auna yau ka ga ko mai tayil ne ya huda maka fayif.